Tarihin Janar George Thomas da Yaƙe-yaƙensa

Yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga shekarar 1861 zuwa 1865, ya ci rayukan sojoji fiye da 600,000, kuma shi ne sanadin 'yantar da bayi wajen miliyan 4. Duk wanda ya karanta labarin wannan yaƙi zai fi cin karo da sunaye uku, watau Grant da Sherman a ɓangaren Gwamnatin Tarayya, da Lee a ɓangaren jihohin Kudu da suka ɓalle. Amma akwai wani sarkin yaƙi wanda sunansa bai yi nisa kamar nasu ba, ko da yake shi ya tsamo wata babbar rundunar Tarayya daga bakin halaka, sa'an nan daga baya ya tarwatsa rundunar Kudu guda sukutum cikin yini biyu. Shi ne Janar George Henry Thomas.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a duba shi ne, mutumin Kudu ne haihuwa da tarbiyya, ɗan gidan masu bayi, amma da ƙasa ta rabu biyu sai ya riƙe rantsuwar da ya yi wa Tarayya, ya ɗauki makami a kan jiharsa. Hali guda ne ya yi masa jagora wajen wannan zaɓi da kuma a fagen fama. Ba ya motsawa sai ya auna al'amari sarai, in kuwa ya tsaya ba mai iya gusar da shi. Wannan hali ya jawo masa nasara, shi ne kuma ya raba shi da danginsa, har ya kusa raba shi da muƙaminsa ana jibi zai ci babbar nasararsa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 31 ga watan Yuli, 1816, a gundumar Southampton, can kudu maso gabashin jihar Bajiniya. Ubansa, John Thomas, manomi ne mai rufin asiri, yana da gandu babba da bayi masu noma shi. George yana da shekara 13 a duniya uban ya mutu sanadin wani hatsari a gona, ya bar wa uwar ɗawainiyar 'ya'ya da ta gandu. Bayan shekara biyu, cikin watan Agusta na 1831, wani bawa mai wa'azi da ake kira Nat Turner ya ta da bore a wannan gunduma. Shi da mabiyansa suka bi gida gida suna kashe masu bayi da iyalansu, har suka kashe mutum wajen 60 cikin kwana biyu. Iyalin Thomas suka sami labari kafin a iso kansu, suka bar gida suka ɓuya cikin daji. Aka murƙushe boren da ƙarfin tsiya, aka kashe baƙaƙen fata masu yawa, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka kuma rataye Turner cikin Nuwamba na wannan shekara. Yaron ya ga irin tsoron da ke kwance tsakanin bawa da ubangijinsa, amma wannan bai sa ya tashi da ƙin bauta ba, gama shi kansa ya mallaki bayi bayan ya girma.

Ya ɗan taɓa aikin akawu a kotun gunduma wurin kawunsa, kana a 1836 ya sami shiga makarantar horon hafsoshi ta West Point, wadda ke bakin kogin Hudson a jihar New York. A can ya zauna ɗaki ɗaya da William T. Sherman. Ya gama a 1840, ya zo na 12 cikin ɗalibai 42, aka sa shi cikin sojan igwa.

Shekara ashirin kafin basasa

Aikinsa na fari a Fulorida ya yi shi, inda gwamnati ke yaƙar ƙabilar Seminole, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasar. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, ya bi Janar Zachary Taylor, ya halarci karon Monterrey da na Buena Vista. A Buena Vista, cikin Fabrairu 1847, sojan Meziko sun ninka na Amurka wajen sau uku, igwa ce kuwa ta ceci Taylor a ranar. Ɗaya daga cikin hafsoshin igwa da Thomas ya yi aiki a ƙarƙashinsu a wannan yaƙi shi ne Braxton Bragg, wanda za su sake gamuwa bayan shekara 16, kowa na neman kan ɗan'uwansa. Saboda jaruntakar da ya nuna a Meziko, mutanen Southampton suka haɗa kuɗi suka yi masa kyautar takobi.

Daga 1851 zuwa 1854 ya koma West Point yana koyar da aikin igwa da hawan doki, a lokacin da Robert E. Lee, ɗan jiharsu, ya zama shugaban makarantar. Dawakin makarantar tsofaffi ne, saboda haka yakan hana ɗalibai sukuwa, ya ce su yi sassarfa a hankali. Daga nan suka laƙaba masa suna mai wannan ma'ana, sunan kuwa ya bi shi har fagen yaƙi, inda masu sukarsa suka mai da shi shaidar nawa. A 1852 ya auri Frances Kellogg, mutuniyar garin Troy a jihar New York. Allah bai ba su haihuwa ba.

A 1855 aka kafa wata sabuwar rundunar barade, watau sojan doki, don tsaron iyakar Teksas. Ministan yaƙi na lokacin, Jefferson Davis, shi ya zaɓi hafsoshinta, yawancinsu kuwa mutanen Kudu ne. Albert Sidney Johnston ne kanar, Lee na biye da shi, Thomas ya sami muƙamin manjo, cikin ƙananan hafsoshi kuma akwai wani saurayi, John Bell Hood. A Teksas ne Thomas ya sami rauni guda ɗaya tak da aka taɓa yi masa a fagen fama, cikin Agusta 1860, sa'ad da wani mayaƙin ƙabilar Comanche ya harbe shi da kibiya, ta huda haɓarsa ta kafe a ƙirji. A ƙarshen wannan shekara, yana kan hanyar zuwa hutu, ya faɗo daga dakalin tashar jirgin ƙasa ya bugu a baya. Ciwon bai rabu da shi ba har ya bar duniya, shi ya ƙara masa hawan doki a hankali.

Zaɓin shekarar 1861

Cikin Nuwamba 1860 aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, jam'iyyarsa kuwa ta yi alkawarin hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankunan yamma. Manyan Kudu, waɗanda arzikinsu na auduga ya dogara ga bayi, suka ga ba su iya zama a ƙarƙashin wannan gwamnati. Jihohi suka shiga ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, har suka kai 11, suka kafa tasu gwamnati da Jefferson Davis a kanta. Ran 12 ga Afrilu, 1861, aka buɗe wuta a kan sansanin Tarayya na Fort Sumter, bayan kwana biyar kuma Bajiniya ta bi sahun 'yan'uwanta.

Kowane hafsa ɗan Kudu sai da ya tsaya ya zaɓa tsakanin jiharsa da rantsuwarsa. Wajen hafsoshi 300 suka ajiye aiki, cikinsu har da Lee da Johnston da Hood. Thomas bai yanke shawara cikin sauƙi ba. A watan Janairu na wannan shekara, yana fama da ciwon baya, ya rubuta takarda yana tambayar wani aikin koyarwa a makarantar soja ta Bajiniya. A watan Maris kuma gwamnan jihar, John Letcher, ya yi masa tayin shugabancin makaman jiha. Ya ƙi, ya amsa cewa ba ya son barin aikin Tarayya muddin zama cikinsa bai zubar da mutunci ba, kuma muddin Bajiniya tana cikin Tarayya zai ci gaba da aikinsa. Daga baya mutanen Kudu suka riƙe waɗannan takardu biyu, suka ce ai da ma ya yi niyyar binsu, matarsa 'yar Arewa ce ta juya shi. Ita kuwa ta musa, ta ce shi kaɗai ya yanke wa kansa hukunci. Abin da ya tabbata dai shi ne, da aka harbi tutar da ya yi shekara 21 yana aiki a ƙarƙashinta, ya tsaya inda yake. Aka ba shi gurbin da Lee ya bari, ba da jimawa ba kuma aka ba shi na Johnston, ya zama kanar. Ran 2 ga Yuli ya ja dakaru ya ƙetare kogin Potomac, ya yi karonsa na fari a kan ƙasar Bajiniya.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Yan'uwansa mata biyu, Judith da Fanny, suka juya hotonsa ya dubi bango, suka daina amsa takardunsa, ba su kuma sake magana da shi ba. J. E. B. Stuart, wanda ya koyi hawa a hannunsa a West Point, ya rubuta wa matarsa cewa yana so ya ga an rataye Thomas don ya ci amanar jiharsa. A Washinton ma ba a sake masa duka ba, gama akwai manya da suka daɗe suna yi masa kallon tuhuma saboda asalinsa. Watau ya rasa amincin Kudu gaba ɗaya, na Arewa kuwa sai da ya saye shi a fagen yaƙi.

Daga Kentaki zuwa Stones River

Fagen wannan yaƙi ya kasu biyu. Akwai na gabas, tsakanin Washinton da Richmond, hedkwatar Kudu, inda idon jaridu yake. Akwai kuma na yamma, tsakanin duwatsun Appalachia da kogin Misisifi, inda jihohin Kentaki da Tenesi da Jojiya suke. Cikin Agusta 1861 aka ba Thomas muƙamin birgediya, aka tura shi Kentaki, a yamma kuwa ya ƙare yaƙinsa duka.

Ran 19 ga Janairu, 1862, sojan Kudu suka faɗa masa da asuba cikin ruwan sama a kusa da Mill Springs. Da yawa daga cikinsu tsofaffin bindigogin ƙyastu suke riƙe da su, ruwa ya hana su tashi. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Janar Zollicoffer, ya ruɗe cikin hayaƙi ya kutsa cikin sojan Tarayya yana zaton nasa ne, aka harbe shi. Thomas ya jure harin, ya jira har mutanensa suka taru, sa'an nan ya kora. Da dare abokan gaba suka ƙetare kogin Cumberland a guje, suka bar igwoginsu da kekunan kaya da dawaki. Wannan ce babbar nasara ta fari da Tarayya ta samu a yamma.

Cikin Satumba na wannan shekara ya yi wani abin da ya ba manyansa mamaki. Gwamnati ta gaji da shugabansa, Janar Buell, ta aiko da umarni Thomas ya karɓi rundunar. Ya roƙa a janye umarnin, ya ce Buell ya riga ya shirya karo da abokan gaba, bai kamata a sake shugaba ana gab da gwabzawa ba. Aka janye. Da aka tuɓe Buell bayan wata guda sai aka tsallake Thomas aka naɗa Janar Rosecrans. Ya nuna rashin jin daɗinsa, amma ya yi wa sabon shugaba aiki da zuciya ɗaya. A karon Stones River, daga 31 ga Disamba, 1862, zuwa 2 ga Janairu, 1863, Bragg ya naɗe hannun dama na rundunar Tarayya kamar tabarma, amma tsakiya, inda Thomas yake, ba ta karye ba, daga ƙarshe Bragg ne ya ja da baya.

Chickamauga da Chattanooga

Garin Chattanooga, a kudancin Tenesi, mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa ne, kuma ƙofar shiga Jojiya. Rosecrans ya kama shi cikin Satumba 1863, ya bi Bragg kudu yana zaton gudu yake yi. Ashe Bragg ya sami gudummawa daga Bajiniya a ƙarƙashin Janar Longstreet, ya juyo. Rundunonin biyu suka gamu a bakin rafin Chickamauga ran 19 da 20 ga Satumba. Thomas ne ke riƙe da hannun hagu, wanda ya tsare hanyar komawa Chattanooga.

A yini na biyu aka kawo wa Rosecrans labarin kuskure cewa akwai giɓi a sahunsa. Ya umarci wata ƙungiya ta matsa ta toshe, matsawar tata kuwa ita ta buɗe giɓi na gaskiya, daidai lokacin da Longstreet ya kawo hari a wannan wuri. Wajen sulusin rundunar ya watse, guguwar gudu ta kwashi Rosecrans kansa da manyan janarorinsa biyu har Chattanooga. Thomas ya tattara nasa da ɓurɓushin waɗanda suka watse a kan wani tudu, suka yi ta tare hari bayan hari tun daga azahar. Harsashi ya kusa ƙare musu, sai Janar Granger, wanda aka ajiye baya da sojan ko-ta-kwana, ya ji ƙarar igwa ya taho ba tare da an kira shi ba, ya kawo mutane da harsashi. Thomas bai bar wurin ba sai da rana ta yi gora ta faɗi, ya janye mutanensa zuwa Rossville, ya tare hanya. Tarayya ta yi hasarar mutum wajen 16,000 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, Kudu kuma wajen 18,000. An ci rundunar, amma ba a hallaka ta ba. Tun daga ranar ake yi masa kirari da Dutsen Chickamauga, sojansa kuwa Baba suke ce masa.

Bragg ya hau duwatsun da suka kewaye Chattanooga ya datse hanyoyin abinci. Dawaki da alfadarai dubbai suka mutu da yunwa, aka rage wa sojoji rabonsu. Cikin Oktoba aka ba Janar Ulysses S. Grant shugabancin yamma duka, ya tuɓe Rosecrans ya naɗa Thomas a kan rundunar, wadda ake kira Rundunar Cumberland. Grant ya bugo masa waya ya riƙe garin ko ta halin ƙaƙa, ya amsa cewa za su riƙe shi har yunwa ta kashe su. Kafin wata ya ƙare aka buɗe hanyar abinci ta kogin Tenesi.

Ran 25 ga Nuwamba Grant ya ɗora babban hari a kan Sherman, a gefen arewa na tsaunin Missionary Ridge, amma Sherman ya kasa gaba. Sai aka umarci sojan Thomas su kama ramukan da ke gindin tsaunin kawai, don a rage wa Sherman nauyi. Suka kama, suka ga ana yi musu ruwan harsashi daga sama, ga kuma haushin gorin da ake yi musu tun Chickamauga, sai suka ci gaba da hawa har suka kai ƙololuwa, rundunar Bragg ta kama gudu. Bayan karon Thomas ya sa aka keɓe maƙabarta don waɗanda suka mutu. Da aka tambaye shi ko a binne su jiha jiha, ya ce a gauraya su, ya gaji da zancen haƙƙin jihohi.

Atlanta da Nashville

Cikin Maris 1864 aka ɗaukaka Grant ya zama shugaban sojan Tarayya duka, ya bar wa Sherman yamma. Jinin Grant da na Thomas bai haɗu ba. Grant mutum ne mai son a kai hari yau da abin da ke hannu, Thomas kuwa yakan so ya ga taswirar ƙasa, da gadoji, da asibitin masu rauni, da guzurin mutum da na dabba, duk sun kammala kafin ya ɗaga ƙafa. A tafiyar Atlanta, daga Mayu zuwa Satumba, Rundunar Cumberland ta fi rabin mutum wajen 100,000 da Sherman ya ja. Ran 20 ga Yuli, Hood, wanda aka naɗa sabon shugaban rundunar Kudu, ya auka wa Thomas yana ƙetare rafin Peachtree, aka kore shi da hasara mai yawa. Atlanta ta faɗi ran 2 ga Satumba, faɗuwarta kuwa ta taimaki Lincoln ƙwarai wajen sake cin zaɓe cikin Nuwamba.

Daga nan Sherman ya ɗebi zaɓaɓɓun sojoji wajen 60,000 ya nufi bakin teku ta cikin Jojiya, Hood kuma ya juya arewa ya nufi Tenesi. Aka bar wa Thomas aikin tare shi da abin da ya rage, watau ƙungiyoyi a warwatse, da sababbin shiga, da ma'aikatan sito, da barade waɗanda da yawansu ba su da dawaki. Ran 30 ga Nuwamba Hood ya faɗa wa wani sashe na rundunar a Franklin, ya yi hasarar mutum wajen 6,000, janarorinsa shida suka rasa rayukansu, amma duk da haka ya matso ya kafa sansani a kudancin Nashville, babban birnin Tenesi.

A nan ne halin Thomas ya kusa jawo masa tuɓewa. Grant, yana can Bajiniya, yana tsoron kada Hood ya zagaye birnin ya wuce kogin Ohayo, ya yi ta bugo waya a kai hari. Ran 6 ga Disamba ya ba da umarni a fita nan take. Thomas ya amsa cewa in ba barade, ko an ci Hood ba za a iya binsa a gama da shi ba, ya nemi 'yan kwanaki ya tara dawaki. Yana gab da gama shiri sai aka yi ruwa mai daskarewa, ƙasa ta rufe da ƙanƙara, mutum da doki ba mai iya tsayuwa a kan tudu. Ya gaya wa Washinton cewa in an ga ya kamata a tuɓe shi zai karɓa ba gunaguni, amma ba zai tura mutane a kan ƙanƙara ba. Grant ya aiki Janar Logan da takardar karɓar rundunar, sa'an nan shi kansa ya kama hanya.

Ƙanƙara ta narke, ran 15 ga Disamba Thomas ya fito da mutum wajen 55,000. Dabararsa ita ce ya tsokani hannun dama na Hood don ya riƙe shi, kana ya juyo da yawancin rundunarsa kamar ƙyauren ƙofa a kan hannun hagu, barade a ƙarƙashin Janar Wilson suna zagayawa ta baya, da yawansu riƙe da bindigogi masu cin harsashi bakwai. Yinin fari aka tura Hood baya wajen mil biyu. Yini na biyu da la'asar tudun da ya tokare hagunsa ya faɗi, rundunar ta watse gaba ɗaya. Thomas ya yi hasarar mutum wajen 3,000, Hood wajen 6,000, yawancinsu kamammu. Aka bi su kwana goma har suka ƙetare kogin Tenesi, cikin Janairu 1865 Hood ya ajiye aiki, rundunarsa kuwa ba ta sake zama abin tsoro ba. Logan ya ji labari a Louisville ya juya, Grant bai wuce Washinton ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Wani abu ya faru a Nashville wanda ya shafi ra'ayin Thomas kansa. Cikin waɗanda suka kai hari a hannun dama na Hood akwai ƙungiyoyin baƙaƙen fata, yawancinsu bayi ne jiya jiya. Da ma yana shakkar ko za su iya tsayawa a filin daga, ya fi son a bar su tsaron ganuwa da hanyar jirgi. A tudun Overton, ran 16 ga wata, bataliyarsu ta 13 ta hau har bakin ramukan abokan gaba, ta yi hasarar mutum fiye da 200. Da ya zaga filin bayan karon ya ga gawawwakinsu kwance tare da na Turawa, ya ce wa hafsoshinsa magana ta ƙare, baƙar fata zai yi yaƙi.

Bayan yaƙi

Lee ya miƙa wuya ran 9 ga Afrilu, 1865, cikin Disamba na wannan shekara kuma aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta a ƙasar duka. Thomas, wanda aka tabbatar masa da muƙamin manjo janar saboda Nashville, ya zauna yana shugabancin soja a Tenesi da Kentaki da maƙwabtansu har 1869. Ya yi amfani da sojansa wajen kāre 'yantattun bayi inda kotunan gari suka ƙi yi musu adalci, ya kuma gargaɗi gwamnati tun da wuri game da ƙungiyar asiri ta Ku Klux Klan, wadda aka kafa a garin Pulaski na Tenesi, mai bin dare tana dukan baƙaƙe tana kashe su. A rahotonsa na 1868 ya soki yadda waɗanda aka ci suke ƙoƙarin shafa wa tawayen fenti, su mai da shi yaƙin neman 'yanci. A wannan shekara Shugaba Andrew Johnson, wanda ke rigima da Grant, ya so ya ƙara wa Thomas girma don ya yi amfani da shi a rigimar. Ya ƙi karɓa.

Kudu ta talauce bayan yaƙi, ya aika wa 'yan'uwansa mata taimako, suka mayar. A 1869 aka tura shi San Francisco ya shugabanci sojan gaɓar yamma. Ran 28 ga Maris, 1870, yana zaune a ofis yana rubuta amsar wata takarda da aka buga a jarida ana rage masa yabon yaƙin Nashville, sai bugun jini ya kayar da shi, ya rasu a ranar yana da shekara 53. Aka ɗauki gawarsa a jirgin ƙasa aka ratsa ƙasar da ita har Troy, garin matarsa. Grant, wanda ya riga ya zama shugaban ƙasa, ya halarci jana'izar, haka Sherman da dubban jama'a. Daga danginsa na jini ba wanda ya zo.

Dalilan da suka sa sunansa ya dushe ba ɓoyayyu ba ne. Ya lalata takardunsa na kansa don ba ya son a riƙa tallan rayuwarsa, bai kuma rubuta littafin tarihin kansa ba. Grant da Sherman sun rayu bayansa, kowannensu ya rubuta nasa, littafin Grant kuwa ya ƙarfafa zancen nawa. Kudu, wadda ta ɗaukaka Lee da Jackson, ba ta da wurin ajiye ɗanta da ya yaƙe ta, ba kuma wata jihar Arewa da ta haife shi balle ta yi alfahari da shi. Tsofaffin sojansa ne suka riƙe sunansa, suka kafa masa mutum-mutumi a kan doki a Washinton a 1879, a dandalin da ake kira da sunansa. Masana tarihi na baya, da suka koma kan rahotannin yaƙin suka auna abin da aka ba shi da abin da ya yi da shi, da yawansu sun sa shi cikin manyan janarorin Tarayya uku ko huɗu. Kabarinsa yana maƙabartar Oakwood a Troy, mil ɗaruruwa daga gonar da aka haife shi.